Hoton Huhun Inna

Ina 'yar shekara tara Inna ta dawo Madarumfa daga asibitin Maradi. Bayan la'asar ta zauna gindin icen bedi tana ɓarar wake, ta ɗaga wani baƙin hoto saitin rana, ta nuna mani farin tabo kamar ƙwayar gujiya.

"Ga sankarar nan cikin huhuna. Ita ta ɗauke kakanki da kawunki, ba wanda ya taɓa shan taba. Likita ya ce a jininmu take."

"Inna, ni ma ina da ita?"

"Ban sani ba. In kin girma, ki riƙa zuwa ana duba ki."

Sai ta ci gaba da ɓarar wake.

Duk shekara ina zuwa. Bana na zarce shekarun da ta yi a duniya, ban kuma faɗa wa kowa ba.