Hannun Baba Tsoho

"Saɓar maciji ce," in ji tsohon, tun kafin ta gama sauka a tafinsa. Jikokinsa suka kwashe da shewa.

Tunda aka fara yankan dawa, wasansu ke nan. Su bi bakin rafi su tsinto abin da ya burge su, su ɗora a hannun makahon kakansu, shi kuwa ya faɗi sunansa da amfaninsa. Ɗinya, gwandar daji, ƙayar beguwa, bai taɓa kuskure ba. Rafin nan shi ya ciyar da shi, shi kuma ya cinye masa ido, kamar yadda ya yi wa rabin dattawan ƙauyensu na gindin duwatsun Doguwa. Da ƙaiƙayi ciwon yake farawa, sai kullutu ya fito, sai duhu.

Ya lalubo ƙaramarsu. "Ke fa, amarya? Yau ba ki kawo wa mijinki komai ba?"

"Nawa ba tsinto shi na yi ba, Baba Tsoho."

Ta kama hannunsa ta kai ƙeyarta. Kullutu ne kamar ƙwallon ɗinya, yana zillewa a ƙarƙashin fata, gefensa duk sawun susa.

"Mene ne sunansa?" ta tambaye shi.

Ya daɗe bai ɗauke hannunsa ba.

"Yau kin ci ni," ya ce. "Wannan ban san shi ba."

Ta daka tsalle tana murna, ta ruga rafi. Sauran suka rufa mata baya.