Munduwar Kande

Tun da aka mayar da inshorar lafiya munduwa, dokar ɗaya ce: hannun da ya daina aiki, munduwarsa ta mutu. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Kande mai sharar titi, abokiyar aikinta Ladidi ta zura munduwar Kande a hannunta kusa da tata, ta ci gaba da shara.

A ƙofar asibiti ta mayar mata. Kande ta miƙa hannu, fitilar munduwar ta nuna kore.

"Alhamdu lillahi. Yaya Ladidi, da me zan saka miki?"

"Ki warke kawai. Gwiwata ta fara ciwo, ni ma zan nemi hannunki."

Nas ta kalli shatin munduwa biyu a hannun Ladidi, ta ja hannun riga ta rufe munduwa ukun da ke nata hannun.

"Ku shigo, Iya."