Furannin Octavian

Akwatin Viorica yana bakin ƙofa tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci. Mijinta Dorel ya san ba wasa take yi ba, don har tukunyar kabejinta ta ɗaure a zane.

"Yau Lahadin Furanni, ranar masu sunan fure irina," in ji ta. "Motar zuwa Buzău da tsakar rana take tashi. Ka dawo mini hannu rabbana, ka ci gidanka kai kaɗai."

"Haba Viorica…"

"Haba me? Dubi Octavian! Duk Asabar da yamma sai ya shigo wa matarsa da fure biyar. Kai kuwa uwarka da ke kabari kawai ka sani. Sai na mutu zan samu nawa?"

Shekara da shekaru ana yi wa Dorel wa'azi da wannan maƙwabci mai sanƙo, har ya tsani tarinsa. Amma ba ƙarya ta yi ba. Duk Asabar da safe yakan kai wa kabarin mahaifiyarsa fure shida, ya ɗaure su da guntun jar waya irin ta aikinsa na lantarki, don kada iska ta watsa su. Shida mana: a al'adar garin, huɗu da shida na mamaci ne, mai rai uku ko biyar ake ba shi.

Ya fita a guje. Mai furen kasuwa ta sayar da komai ta rufe, don rabin matan garin sunan fure gare su. Tsohuwar da ke sayar da fure a bakin coci ta nuna masa bokiti, ruwa zalla. Ya tsallaka lambun limamin cocin, kare ya raka shi har titi, ya karɓi rabonsa a wando.

Nan shaiɗan ya raɗa masa lissafi: shida a cire ɗaya.

"Mama, ki yafe mini, aro ne," ya fara tun daga ƙofar maƙabarta. Da ya isa, fure ɗaya tal ya tarar kwance a kan kabarin. Ya tsine wa iska, ya ɗauka. Ɗaya ma ai na masu rai ne.

Ya iske Viorica a titi, akwati a hannu. Ta kalli furen, ta ja tsaki, ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa zuwa gidan Octavian.

"Ga aikin maza can. Buɗe ido ka koya."

A kan tagar, fure biyar ne cikin tulu, ɗaure tsaf da jar wayar lantarki.