Kujeru Uku a Gaban Hotuna

Muzammil ya sha faɗa wa abokansa a Yamai cewa shi fuska yake karantawa, kamar yadda malami ke karanta allo. Da wannan bakin ya shawo kan wata ƙungiya ta ba shi aiki: hotunan mata uku, daga Gidan Rumji da Agye da Gazawa, kowacce da irin rayuwarta. In shugabar ƙungiyar, Madam Farida, ta gamsu, hotunan za su tsallaka teku, shi ma ya bi su. In ba ta gamsu ba, ya koma ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa.

Ya hau hanya da kyamara da wata jaka da ba ya rabuwa da ita. A ciki akwai ƙwarya da duwatsun wuya da malfa da baƙin hijabi, don a ganinsa matan ƙauye ba kullum suke yin shigar da ta dace da hoto ba.

Ranar kasuwar Gidan Rumji mata goma suka ƙi shi. Ta sha ɗayan, wata dattijuwa da ke zaune bayan faifanta, ta yarda. Ya rataya mata duwatsu, ya ɗora mata ƙwarya, ya ɓata rabin awa yana juya ta har rana ta sauka kan ƙwaryar yadda yake so. Ba ta da waya, sai ta ba shi lambar ɗanta. Ya rubuta a littafinsa: Bafulatana mai nono.

A kasuwar Agye abin ya zo da sauƙi. Bai gama sallama ba wata ta yafito shi. Ya kifa mata malfa, ya aro mata hauya, ta juya wajen haske tun kafin ya ce ta juya. Mura take yi, sai jan hanci. Ya karɓi lambar maƙwabcinta, ya rubuta: Manomiya.

A Gazawa kuwa, matar da ya samu har ban gajiya ta yi masa, ta miƙo hannu ta karɓi hijabin da kanta. Muzammil ya ji daɗi ƙwarai, ya ƙara tabbata Allah ya yi masa baiwar sa mata su saki jiki. Ita lambar direban motar da ke kai su kasuwa-kasuwa ta bayar. Ya rubuta: 'Yar kasuwar bakin iyaka. Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai a tafiyar: duk kayan jakarsa sun ɗauki warin daddawa.

A Maraɗi aka baje hotunan, kowanne ya kusa kai girman ƙofa. Madam Farida ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta ji yardar matan daga bakinsu. Aka kira lambobin uku, aka jera kujeru uku a gaba.

Muzammil ya yi jawabi har da dafa ƙirji. Ya ce a dubi idon Bafulatanar nan, kallon daji ne, ba a samun irinsa a fuskar manomiya, balle ta 'yar kasuwar bakin iyaka. Aka tafa masa.

Har ya gama, kujerun babu kowa. Can sai ga wata dattijuwa ta shigo da ƙullin daddawa a hannu, tsarabar mai hoto. Ta ce sunanta Kadi, ta zauna a kujerar tsakiya.

Madam Farida ta rusuna ta gaishe ta. "Inna, kafin sauran su iso, wanne ne naki?"

Kadi ta bi hotunan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi gaggawa ba.

"Ni dai wanga na Gazawa ya fi yi mini kyau, ɗiyata. Na Agye mura nike yi, na Gidan Rumji kuma ƙwaryar yaron ga ta danne mini wuya."