Kwat a Baibai

Mutanen Landan sun cika gaban tagar wani shagon zane-zane suna ƙyaƙyata dariya kan sabon zanen da aka kafa: 'yan caca zagaye da karta, ɗaya da ƙaton hanci, kwat ɗinsa a baibai don neman sa'a.

Yarinyar da ke aiki a shagon ce ta ba mai zanen labarin wannan ɗabi'a ta babanta, don a yi dariya wajen aiki. Ita kuma ta sa launin.

"Dattijo, zo ga ɗan'uwanka!" wani ya ce.

Babanta ya matso, ya daɗe yana kallo.

"Mutum ɗaya ce kawai ta san cikin kwat ɗin nan kore ne," ya ce a hankali. "Kin iya aiki, 'yata."

Washegari ta mayar da cikin kwat ɗin ja a sauran kwafi ɗari biyu na zanen, ko da yake ta san babu wanda zai lura.