Agogon Manomin Albasa

Wani manomin rani ne yake da gonar albasa a ƙarshen magudanar ruwa, can nesa da gari, inda ko kiran salla ba ya kaiwa sai in iska ta taimaka. Al'adar wurin, ruwa bi da bi ne. Sarkin ruwa yakan buɗe wa kowane layi a ranarsa, shi kuwa mutumin nan rabonsa kafin asuba yake faɗowa. In kana tsaye da fartanya ka fasa bakin kwamin da ka shuka albasa a ciki, shukarka ta sha. In kana barci, ruwa ya wuce wajen na gaba, sai kuma zagaye ya dawo. Albasa tana iya haƙurin ƙishi sau ɗaya, amma ba ta iya na biyu. Da can a gida yake kwana, matarsa ke tashinsa. Wata shekara sai shanu suka matsa wa gonakin, dole ya kafa bukka ya kai gadonsa na ƙarfe can, ya zama ba mai tashinsa sai agogo.

Ran kasuwa ya je rumfar wani dattijo mai sayar da agogo da gyaransu. Dattijon bai tambaye shi kala ko girma ba, cewa ya yi yaya barcinsa yake. To ga maƙwabtansa na fadama zaune a kan benci suna jiran gyara, kuma akwai abin da manomin nan ya daɗe yana ɓoyewa: kunnensa na hagu ya yi nauyi tun shekarun da ya yi aiki a injin niƙa. Shi kuma a kan damansa yake kwanciya kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, sai kunnen kirkin ya nutse cikin matashi, maras jin ya rage a sama yana gadi. Maimakon ya faɗi haka, sai ya ce ai shi barcin zomo gare shi, ko kiyashi ya gitta sai ya farka. Dattijo ya ɗauki maganarsa, ya miƙo masa wani ɗan fari mai batir, mai ƙyalli, wanda kukansa kamar na tsuntsu ne. Manomi ya koma bukka yana jin daɗi. Ranar ruwa ɗan tsuntsun ya yi kukansa har ya gaji, mai shi bai motsa ba. Hasken rana ne ya tashe shi. Ya fito ya tarar da magudana ta tsane, gonar maƙwabcinsa ta yi sharkaf, tasa kuwa ƙasa ta fara tsagewa, ganyen albasa sun sunkuyar da kai.

Kasuwa na dawowa ya koma rumfar. Benci cike yake kamar wancan karon, amma bai jira a watse ba. Ya ajiye agogon ya ce, "Baba, agogonka lafiyarsa ƙalau, kunnena ne ba lafiya. Na hagu ba ya ji, na daman kuma a kansa nake kwana." Dattijo bai yi masa faɗa ba, bai kuma yi dariya ba. Ya tashi mutanen da ke kan benci, ya ce manomi ya kwanta daidai yadda yake kwanciya a bukka, ya naɗe buhu ya sa masa a matsayin matashi. Nan tsakiyar kasuwa ƙato ya miƙe ya rufe ido, maƙwabta suna tsokanarsa ko a kawo masa mayafi, wani ya ce ai yau zomo ya shiga hannu. Dattijo ya riƙa kunna agogo ɗaya bayan ɗaya, ya ce in ya ji ya ɗaga hannu. Masu kyan gani duk suka yi kukansu, hannu bai ɗagu ba. Can sai ya jawo wani tsoho na ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, mai ƙararrawa biyu a ka, wanda ake murɗa masa mabuɗi a baya, babu ruwansa da batir balle wuta. Ya sa shi cikin fanteka, ya jingina fantekar da ƙafar bencin, ya sake shi. Manomi ya zabura har buhun ya faɗi, kasuwa ta ɗauki dariya, shi ma yana yi.

"Wannan ne naka," in ji dattijo. "Ka jingina fantekar da ƙafar gadonka, in kunne bai ji ba haƙarƙari zai ji. Kuma ka sa ta wajen ƙafafu, inda hannu ba ya kaiwa sai an tashi zaune." Ya karɓi farin ya musanya masa.

Da ranar ruwa ta zagayo, fanteka ta yi kururuwa, gado ya ɗauki rawa, manomi ya riga ruwan isa bakin kwami. Ya tsaya yana kallon ƙasar da ta tsage tana haɗiya, yana ta hamdala. Albasar ta farfaɗo, ba duka ba, don layin da ke can ƙarshe ya riga ya ƙone, amma sauran ta yi kai. Da aka cire, kafin ya kai ko buhu ɗaya kasuwa, sai da ya zaɓi manya-manya ya cika kwando ya kai rumfar dattijo. Har yau in wani ya ce zai sayi agogon tashi, manomin nan ba ya gaya masa wanne ya fi kyau. Cewa yake ya fara gaya wa mai sayarwa gaskiyar barcinsa, ko da benci cike yake da mutane, domin shi ya ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya.