Abin da Ya Tsiro a Kan Direba

"Ƙwaƙwalwar babba ma tana iya fitar da sababbin ƙwayoyin jijiya," in ji likita.

Matar direban ta dafe ƙirji. Tun da motar mijinta ta kife take roƙon Allah abin da ya mutu a kansa ya sake tsirowa.

"Alhamdulillahi! Baban yara, ana maka dariyar sanƙo, ashe ta ciki kake tsiro! To likita, su za su kore farfaɗiyar da hatsarin ya bar masa?"

Likita ya cire tabarau a hankali.

"Baiwar Allah, wani lokaci sukan tsiro ba a mazauninsu ba. Su muke zargi da kawo ta."

Ta saki baki tana kallon kan mijinta, kamar yau ta fara ganinsa.